Farin ƙirjin hankaka: ta ina zai fito a takarda ɗaya?

Autan Gida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyar ke nan wani abu ya hana ni sakat. Hankaka nake son ninkawa da takarda ɗaya, irin mai baƙi a fuska ɗaya da fari a ɗaya fuskar, santimita 15 kowane gefe. Na fara da tushen tsuntsu, wanda ake yin gaurakar Japanawa da shi. Baki ya fito, fukafukai sun fito, wutsiya ta fito, amma tsuntsun baƙi ƙirin daga kai har ƙasa. Hankakan da ke sauka a kan darbejiyar gidanmu kuwa kowa ya san kamanninsa: kai baƙi, fukafukai baƙi, ƙirji fari, farin kuma ya zagayo ta bayan wuya. Da na rasa yadda zan yi sai na shafa farin fentin goge rubutu, ya bushe ya tsattsage a kan kari. Masu yin origami na gaske, wato fasahar ninkin takarda, yaya suke fito da farin daidai wurin da suke so?

Kawu Mai Takarda:
Wa alaikumus salam, Auta. Kafin in ce komai, ɗauki hankakan nan ka warware shi gaba ɗaya, ka shimfiɗa takardar, ka duba inda fentin ya sauka. Ina jiranka.

Autan Gida:
Na warware, Kawu. Fentin bayan wuyan can wajen tsakiyar takardar ya sauka, nesa da gefe.

Kawu Mai Takarda:
To amsarka ke nan a hannunka. Takarda fuska biyu gare ta, kuma fuskar da ke ciki ba ta da ƙofar leƙowa waje sai ta bakin takardar. Tsakiya a rufe take. Ka tura ta ciki, ka jawo ta waje, ka tattare ta yadda ka ga dama, in dai ba ka huda ba, launin da ke waje shi ne zai ci gaba da zama a waje.

A tushen tsuntsu, kusurwoyin nan huɗu sun tafi wuya da wutsiya da fukafukai biyu. Doron tsuntsun shi ne cibiyar takardar, wurin da ya fi ko'ina nisa daga baki. Kai kuma nan kake neman fari. Ba hannunka ne ya gaza ba, tushen da ka zaɓa ne bai ajiye maka baki a wurin ba. Mai son juyin launi, wato fito da launin bayan takarda ta hanyar ninki, tun kafin ninkin farko yake yanke shawarar inda kowane gefe zai kwana.

Telan Fagge:
Kawu, wannan bayanin ya shige ni, don mu ma haka yake a wurinmu. Babbar riga mai shafi, a ina ake ganin shafin? Sai a bakin hannu, in mai ita ya tattaro ta ya ɗora a kafaɗa. In wani ya ce mini yana son launin shafin ya fito a tsakiyar ƙirji, sai dai in sa almakashi in yanka in yi ƙari. Ku kuma kun haramta wa kanku almakashi.

Kawu Mai Takarda:
Madalla, Malam Tela. Riƙe misalin nan, za mu dawo masa.

Mai Zane:
Ni dai a yi mini afuwa, ban ga dalilin wannan wahalar ba. Mutum yana son hankaka mai farin ƙirji, ga fenti, ga buroshi. Matsalar Auta fentin da ya yi amfani da shi ne, mai kauri ne, ba a yi shi don ya lanƙwasa ba. Ya samu takarda fara, ya ninka, ya warware, ya shafa baƙar tawada a inda ya dace, ya mayar. Mai kallo hankaka zai gani, ba zai tambayi ta ina farin ya biyo ba. Waye ya kafa dokar nan ta cewa ba yanka, ba gam, ba fenti?

Kawu Mai Takarda:
Tambayarka a kan hanya take, ɗana, kuma ba zan ce maka dokar ta kaka da kakanni ce ba. Littafin ninkin gauraki da aka buga a Japan a 1797, wanda yana cikin mafi daɗewa da aka sani a wannan fanni, da tsaga takarda ake yin abin da ke cikinsa, a fitar da tsuntsaye da yawa a haɗe da juna. Wato na da ɗin ma sun yanka. Tsananta cewa murabba'i ɗaya, babu yanka, a ƙarni na 20 ya yi ƙarfi. Ko Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005 kuma ake ɗaukarsa uban origami na zamani, yakan jiƙa takarda ya sassaƙa ta da yatsa yadda yake so.

Saboda haka mai fenti bai yi laifi ba. Amma abin da yake yi daban ne. In ka warware hankakan fenti, za ka ga takarda mai dabbare-dabbare. In ka warware na juyin launi, za ka ga murabba'i baƙi ƙirin a gaba, fari fat a baya, babu ɗigo ko ɗaya. Farin ƙirjin nan ba ya ko'ina a jikin takardar, tsarin ninkin ne ya haife shi. Ni ranar da na fara ganin haka da idona na daɗe ina juya takardar a hannu. Wannan abin nake so Auta ya ɗanɗana.

Mai Zane:
Na ji, Kawu, amma ban sauka ba tukuna. Na ga hotunan wasu da aka yi da juyin launi, jikin dabbar ya kumbura ya yi kauri saboda tarin falle, siffar ta lalace don kawai a ce an fito da ratsi. A wurina siffa ce gaba da launi.

Kawu Mai Takarda:
A nan kam muna tare. In ratsin ya cinye dabbar, an yi asara. Amma je ka nemi hoton damisar nan mai ratsi ta Hideo Komatsu, ɗan Japan, ka dube ta da kyau. Ratsin ba su da yawa, ya zaɓi kaɗan ya sa su inda ido ke nema, dabbar kuma tana tsaye da ƙarfinta. Sannan ka dubi ayyukan Mi Wu na Taiwan, wanda kusan duk sunansa a kan launi biyu ya yi shi. Ka dawo mu yi magana.

Malamar Aji Huɗu:
Sannunku da muhawara. Bari in kawo abin da nake yi da yara, ko zai taimaki Auta ya ga abin a sauƙaƙe. Duk ƙarshen watan Satumba mukan ninka tutar Najeriya, saboda 1 ga Oktoba. Takarda kore a fuska ɗaya, fara a ɗaya. A ajiye ta farin yana sama, a raba faɗinta gida 5. A ninko gidan farko na hagu zuwa ciki, a ninko na ƙarshe na dama zuwa ciki. Shi ke nan, kore, fari, kore, kowanne daidai da ɗan'uwansa. In takardar santimita 15 ce, kowane gida 3 ne, faɗin tutar ya zama 9. Da yake faɗin tutarmu ninki biyu ne na tsayinta, sai a mayar da rarar sama da ƙasa baya har tsayin ya zama 4.5.

Abin da nake so a lura: yara da yawa gida 3 suke fara rabawa, tunda ratsi uku suke gani. In suka ninko sai koren ya rufe farin ruf. Daga nan suke gane cewa kowane kore gida biyu ya ci, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashi. Yarinya 'yar shekara tara ta taɓa ce mini, Malama ashe koren tsada gare shi. Ban taɓa mantawa ba.

Wannan takarda mai launi a fuska ɗaya ma da makarantar yara take da alaƙa. Tsarin renon yara na Friedrich Fröbel, Bajamushe, akwai ninkin takarda a cikinsa, kuma ya shiga Japan a shekarun 1870.

Autan Gida:
Malama na gwada yanzu da takardar naɗe kyauta, ta fito. Amma da rula na auna. In babu rula fa, yaya ake raba gida 5?

Malamin Lissafi:
Akwai hanyar Shuzo Fujimoto, wani gwanin ninki ɗan Japan, ƙanena. Yi kintace da ido ka ɗan danna alama a inda kake jin kashi ɗaya cikin biyar ne daga hagu. Abin da ya rage zuwa dama gida 4 ne, to kawo bakin dama kan alamar ka raba shi biyu. Sake kawo bakin dama kan sabuwar alamar. Yanzu kana da gida 1 a dama, 4 a hagu. Kawo bakin hagu kan wannan alamar, sannan ka sake kawo shi kan wadda ta fito. Ka dawo kusa da inda ka fara, amma kowane rabi ya rage kuskurenka da rabi, rabi huɗu sun mayar da shi kashi 1 cikin 16. Zagaye ɗaya ya isa ga yawancin aiki.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Malama, ni ma na so in yi tamu tutar ta Nijar da yarana, sai na tarar ba ta yiwuwa. Launi uku gare mu, ruwan lemu da fari da kore, ga kuma da'ira a tsakiya. Takarda fuska biyu kawai Allah ya ba ta. Abin da na yi, na samu fara na shafa ruwan lemu a rabin bayanta, kore a ɗaya rabin, na ninko sama da ƙasa kamar yadda kika ce. Da'irar kuwa sai da na manna. Kawu, wannan ya shiga lissafi ko bai shiga ba?

Kawu Mai Takarda:
Ratsin sun shiga, ɗan'uwa, tunda ta baki suka leƙo. Da'irar ce ta faɗa daidai ciwon Auta: tana tsakiyar fari, babu baki kusa. Da za a yi ta da ninki, sai an ware mata wata kusurwa an jawo ta daga baya ta zo ta kwanta a kan farin, a kuma ɓoye hanyar da ta biyo. Ɓoye hanyar ya fi fito da launin wuya.

Malamin Lissafi:
Kawu ya ce baki ne ƙofa. Ni zan ƙara cewa baki jari ne, kuma ƙididdigagge. Takardar Auta gefe 4 ne, kowanne 15, duka bakin da yake da shi a duniya santimita 60 ne. Komai zai yi na launi daga cikin 60 ɗin nan zai biya.

A ce jakin dawa kake so. Ratsi 10 a kowane ɓangaren jiki, kowanne tsawon santimita 3. Kowane ratsi gefe biyu gare shi, baki zai gangara ta ɗaya ya hauro ta ɗaya, ya ci 6 ke nan. Goma sun ci 60, ɓangare biyu 120. Raba 120 gida 4, kana bukatar takarda mai santimita 30 don ratsi kaɗai, ba a yi maganar ƙafa ko kunne ko wutsiya ba. Shi ya sa John Montroll na Amurka, da ya fitar da jakin dawansa a farkon shekarun 1990, mutane suka yi ta mamaki. Kuma shi ya sa abin da Mai Zane ya gani yake faruwa: in aka kashe duk baki a ratsi, tsakiyar takardar ba ta da aikin yi, sai ta taru a ciki ta zama tumbi.

Ga wani lissafin da masu ƙirƙira suke amfani da shi, wanda Robert Lang a Amurka da Toshiyuki Meguro a Japan suka bunƙasa a shekarun 1990. Duk wani reshe da zai fito, ƙafa ce ko wuya, da'ira yake ci a jikin takarda, tsawonsa shi ne nisan cibiyar da'irar zuwa bakinta. In daga kusurwa ya fito, rubu'in da'ira ya ci. In daga gefe, rabi. In daga tsakiya, cikakkiya. Na kusurwa da na gefe suna ɗauke da baki a jikinsu, ana iya juya su su canza launi. Na tsakiya ya fi tsada, kuma launinsa ɗaya har abada.

Telan Fagge:
Malam, allon draf fa? Na ga hoton wani da aka ce da takarda ɗaya aka yi, na ce ƙarya ne.

Malamin Lissafi:
Gaskiya ne, Malam Tela, kuma a nan lissafin ya fi daɗi. Ɗauki allon ces mai gida 8 sau 8. Gida 64, baƙaƙe 32. In za ka zagaye kowane baƙin gida da bakin takarda, 32 sau 4, baki 128 kake bukata. Raba 4, takardar sai ta kai gida 32 a kowane gefe. Wato allon da zai fito rubu'in faɗin takardar ne kacal. Na farko-farko da aka ninka sun fi haka cin takarda, aka yi ta ragewa har David Dureisseix, Bafaranshe, ya yi shi da 32 ɗin cif. Namu allon draf na bakin titi mai 10 sau 10, baƙaƙe 50, baki 200, takarda mai gida 50. In kana son kowane gida ya zama santimita 2, sai ka nemo takarda mai mita guda.

Amma Kawu, da izininka, akwai gyara ga maganar cewa launi sai ta baki. Shekaru ana ganin wannan lissafin shi ne iyaka. A 2009 Erik Demaine na jami'ar MIT ta Amurka, da mahaifinsa Martin Demaine, da Goran Konjevod, da Robert Lang suka nuna ba haka ba ne. Iyakar baƙi da fari ba dole ta zama ainihin bakin takarda ba, tana iya zama kari: falle baƙi da aka ninka ya kwanta a kan falle fari. Da wannan dabarar suka nuna cewa in allon ya yi girma sosai, kusan rabin faɗin da tsohon lissafi ya nema ya isa. Sai dai ribar ba ta fara bayyana sai allon ya wuce gida 16 a gefe.

Kawu Mai Takarda:
Na karɓi gyara, Malam, Allah ya ƙara sani. Amma dubi abin da kyau. Fallen nan baƙi da ya zo ya kwanta a kan fari, ta ina ya zagayo gaba tun farko? Sai da wani baki ya juyo a wani wuri. Abin da suka nuna shi ne ba dole bakin ya bi kowace iyaka ƙafa da ƙafa ba. Ƙofar tana nan, sun dai gano cewa in an shigo ana iya yawo a cikin gida.

Telan Fagge:
Kamar kalmasa ke nan. In na kalmashe bakin shafi, abin da ido ke gani kari ne, amma ainihin bakin yadin yana ɓoye a ƙarƙashi.

Malamin Lissafi:
Kusa da haka, sai dai su nasu bakin yana iya yin nisa da wurin. Tun a 1999 ma Demaine ɗin biyu da Joseph Mitchell sun tabbatar cewa duk wani zane mai launi biyu da miƙaƙƙun gefuna ana iya ninka shi daga murabba'i ɗaya. Hanyar ita ce a tattare takardar ta zama siririn tsiri mai tsawo, a yi ta kai da kawo da shi ana rufe zanen, ana juya shi inda ake son launi ya canza.

Mai Zane:
To ai wannan saƙa ce, Malam, ba ninki ba. Kuma wa zai iya da hannu?

Malamin Lissafi:
Ba don hannu aka yi ba. Amfaninsa shi ne kada wani ya ce maka zane kaza ba ya yiwuwa. Tambayar da ta rage kullum ita ce nawa zai ci, kuma zai yi kyau ko ba zai yi ba.

Autan Gida:
Na ƙaru ƙwarai, iyayena da yayyena. Amma hankakana fa? Har yanzu yana nan a warware.

Kawu Mai Takarda:
Ba mu manta da kai ba, Auta. Kai kana kallonsa baƙin tsuntsu ne da ake neman yi wa farin ƙirji. Juya tunanin. Ka ɗauke shi farin tsuntsu ne da ya sa baƙar hula, ya yafa baƙin mayafi, ya ja baƙar wutsiya. Ina baƙin yake? Kai, wutsiya, fukafukai biyu. Wurare huɗu, duka a ƙarshen jiki. Kusurwa nawa takardarka take da su?

Ninka ta daga kusurwa zuwa kusurwa, farin a waje, baƙin a ciki. Karin nan shi ne gadon baya. Kama ƙarshe ɗaya, ka ɗan buɗe shi ka kifa shi ta waje ya rungumi jikin, kamar yadda ake juya bakin safa. Cikin ya dawo waje, kai ya yi baƙi. Yi wa ɗaya ƙarshen haka, wutsiya ta yi baƙi. Kusurwoyi biyun da ke rataye a ƙasa, ɗaga kowanne ta ɓangarensa ya hau jiki ya nufi baya, fukafukai sun yi baƙi, kuma ka daidaita su har su rufe doron. Abin da ka bari ba ka rufe ba tsakanin kai da fiffike, shi ne farin wuya da ƙirji. Ba ka nemo shi ba, barinsa ka yi.

Sirantar da baki da gyaran ciki na bar maka. Yi da takardar banza sau goma kafin ka taɓa mai kyau.

Autan Gida:
Allahu akbar. Kawu ya fito! Na uku ne ya yi kama. Na farko kan ya yi girma ya cinye wuyan, na biyu fukafukan sun bar doron a buɗe ya zama kamar tantabara. Na uku ƙanwata tana shigowa ta ce hankaka, ban gaya mata ba. Sai dai ba shi da ƙafa, a kwance yake.

Malamin Lissafi:
Ka kashe kusurwa huɗu, babu saura. In ka tsamo ƙafafu daga tsakiya, farare za su fito, na hankaka kuwa baƙaƙe ne. Hanya biyu nake gani. Ko ka tsamo su daga gefe, tsakanin kusurwar wutsiya da ta fiffike, kowace ta ci rabin da'ira, fukafukan su gajarta. Ko ka raba kusurwar wutsiya gida uku, tsakiya wutsiya, gefe da gefe ƙafafu. Kowacce ka ɗauka, tsuntsun zai ƙanƙance, 15 ba za ta ishe ka ba. Nemi 25 ko 30.

Mai Zane:
Ko ka bar shi haka. Tsuntsu a kwance a kan reshe ko a sheƙa ba a ganin ƙafarsa. Na ga hoton da ka turo, Auta, layinsa a tsabtace yake, farin ya zauna inda ya kamata. In ka cusa masa ƙafafu zai yi kauri. Kawu, na je na ga damisar Komatsu ɗin. Na yarda akwai abin da fenti ba zai ba ka ba, gefen ratsin yana da kaifi da 'yar inuwa, saboda falle ne a kan falle. Amma ra'ayina a kan siffa yana nan.

Kawu Mai Takarda:
Ya zauna, ɗana, ana bukatarsa a zauren nan.

Maman 'Yan Biyu:
Sannunku. Tun ɗazu nake bi, bari in shigo ta wajen takarda, tunda an ce ya nemi mai 30 kuma baƙi da fari mai wannan girman ba a cika samu a shagunanmu ba. Ni da kaina nake haɗawa. Takardar tishu ta naɗe kaya, ba ta bayi ba, baƙa ɗaya fara ɗaya. Masu yi a waje da metil selulos suke mannawa. Ni ina yin sabulun ruwa, kuma garin CMC da muke sa wa sabulu ya yi kauri ɗan'uwansa ne, da shi nake yi. A jiƙa kaɗan a ruwa ya kwana har ya narke ya yi kamar koko mai ruwa-ruwa. A shimfiɗa tishu a kan gilashi, a shafa da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, a ɗora ta biyun, a sake shafawa. In ta bushe da kanta take ɗagowa, sai a yanka murabba'i da reza da rula.

Abu uku na koya da asarar takarda. Baƙar tishu tana zuba, ta mayar da farar ruwan toka, saboda haka fara biyu nake sawa, kuma ina ɗiga ruwa a kan guntun baƙar in gani kafin in fara. Na biyu, na gwada ƙaro, ya manne sosai amma in ya bushe yana ƙyalli yana karyewa a kan kari. Sitacin guga ya fi shi, in an dama shi da ruwa-ruwa. Na uku, da hunturu kafin ki gama shafa gefe ɗaya ɗayan ya bushe ya tattare, don haka da asuba nake yi, ƙofa a rufe. Da damina kuma sai ta wuni ba ta bushe ba.

Ni dai ba na ninka mai rai, taurari nake yi da zanen gida-gida irin na tabarma, kuma juyin launi ya fi fitowa a cikinsu. Burina in fitar da dagin Arewa fari a kan baƙi.

Malamin Lissafi:
Hajiya, dagi zai ci baki sosai, saboda zaren yana hawa yana nutsewa, kowace mahaɗa tana neman nata. Zana shi a takarda mai gida-gida tukuna, da miƙaƙƙun layuka, ki ƙirga tsawon iyakar baƙi da fari duka, ki raba 4. Wannan zai ba ki kimar gidajen da za ki fara da su, ki ƙara kaɗan don kwana. Ninkin gida-gida irin wanda Neal Elias na Amurka ya shahara da shi a shekarun 1960 da 1970 shi ya dace da wannan. In kin ƙirga ki turo lambar mu duba tare.

Maman 'Yan Biyu:
In sha Allahu da daddare, in yara sun yi barci.

Ɗan Damagaram:
Auta, in ka gama da hankaka gwada shamuwa. Ita ma baƙa ce da farin ciki, amma doguwar ƙafa gare ta da dogon wuya, ka ga nan lissafin Malam zai yi aiki.

Malamar Aji Huɗu:
Ni kuma hankakan nan mara ƙafa nake so, Auta. Ninkinsa bai kai goma ba, 'yan aji huɗu za su iya. Don Allah ka ɗauki hoton kowane mataki, ka sa alama a inda ka tsayar da ninkin kai, tunda nan ne ka ce na farko ya ɓaci.

Autan Gida:
To Malama, zan yi. Na auna na ukun: daga tsinin kusurwa zuwa inda na kifa kan, ta gadon baya, santimita 5 ne a takardar 15. Zan sake ninka biyu in ga ko 4 ya fi. Kawu, na gwada shawarar Malam ta raba wutsiya uku da takardar buhun siminti da na shafa wa tawada a fuska ɗaya. Ƙafafun sun fito baƙaƙe, amma wani farin tsiri ya leƙo a gindin kowacce, na rasa yadda zan ɓoye shi.

Kawu Mai Takarda:
Bakin ne ya ƙare maka kafin ya kai gindin. Kada ka danne shi da ƙarfi, takardar za ta yage. Warware wannan ɓangaren kaɗai, ka ɗauki hotonsa ta baya da haske a gefe yadda karin zai fito, ka turo. Ina jin falle ɗaya ne yake bukatar a zagayo da shi ta ɗaya gefen, amma sai na gani.